Rugage da Ƙauyukan da Allura Ba Ta Isa Ba: Alƙaluman Annoba a Zamfara

Yara miliyan 14 da rabi ne a duniya ba su samu ko allura ɗaya ta rigakafin jarirai ba a shekarar 2023, bisa ƙiyasin haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, da Asusun Kula da Ƙananan Yara, UNICEF. Allurar da ake awo da ita ita ce ta farko ta mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙe-haƙora, wadda ake yi wa jariri yana da mako 6. Yaron da ya rasa ta ana lissafa shi cikin waɗanda ma'aikacin lafiya bai taɓa isa gare su ba. Ke nan adadin yana auna tazarar da ke tsakanin asibiti da gida.

Daga cikin wannan jimilla, miliyan 2 da dubu 100 a Najeriya suke. Yaro ɗaya ke nan cikin kowane bakwai. Najeriya ce ta farko a jerin ƙasashen, Indiya na biye da miliyan 1 da dubu 600, alhali yawan mutanen Indiya ya ninka na Najeriya fiye da sau shida.

Binciken Lafiya da Yanayin Al'umma na Ƙasa, wanda Hukumar Ƙidaya ke gudanarwa gida-gida, ya nuna inda aka dosa. A 2018, kashi 19 cikin 100 na yara 'yan wata 12 zuwa 23 ba su samu kowace allura ba. A zagayen 2023 zuwa 2024 adadin ya kai kashi 31. A tsakanin waɗannan shekaru kuma waɗanda suka kammala alluran tushe sun ƙaru daga kashi 31 zuwa 39. Wato inda ma'aikata ke isa, yara na ƙara kammalawa, inda ba sa isa kuwa, waɗanda aka bari a baya na ƙara yawa.

Binciken 2018 ya raba adadin tsakanin birni da karkara. A birane kashi 44 cikin 100 ne suka kammala, a karkara kashi 23. Yaron ƙauye na da kusan rabin damar yaron birni, tun ma kafin a shigar da batun tsaro cikin lissafi.

A matakin jihohi, Anambra ce kan gaba a wancan bincike da kashi 76, Sakkwato na ƙarshe da kashi 5. Zamfara na cikin jihohin da ba su kai kashi 10 ba. Ma'ana, cikin kowane yara goma a jihar, fiye da tara ba su kammala alluran tushe ba: ɗaya ta tarin fuka, uku na allurar haɗi biyar, ɗigon shan inna sau uku, da ɗaya ta ƙyanda.

Jihar da ƙananan hukumominta

Ƙidayar 2006 ta ba Zamfara mutum miliyan 3 da dubu 280, a ƙananan hukumomi 14 da mazaɓu 147. Kashi 2.3 ke nan cikin 100 na mutanen Najeriya a lokacin. Hasashen Hukumar Ƙidaya na 2022 ya kai jihar kimanin miliyan 5 da dubu 800. Da wannan kaso na 2.3 za a auna rabon Zamfara a kowace annoba da ke biye.

Gusau da Tsafe da Bungudu sun haɗa kimanin mutum dubu 907 a waccan ƙidaya: Gusau dubu 383, Tsafe dubu 266, Bungudu dubu 258. Kashi 28 ke nan cikin 100 na jihar. Ukun suna kan titin da ya taso daga Funtuwa, ya ratsa Tsafe da Kwatarkwashi da Gusau da garin Bungudu, ya nufi Sakkwato. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura duk a Gusau suke, don haka mai jinyar da ya fi ƙarfin asibitin garinsu wannan titi yake bi.

Ƙaramar hukumar Gusau na da mazaɓu 11, shida daga cikinsu na karkara ne: Mada, Magami, Rijiya, Ruwan Bore, Wanke da Wonaka. Fiye da rabin mazaɓun babban birnin jiha ke nan suna wajen gari. Alƙaluman da ake tattarawa da sunan Gusau suna haɗa unguwar da ke kusa da asibitin tarayya da rugar da ke bakin dajin Magami a layi ɗaya, matsakaicin da ya fito kuwa ba ya bayyana halin ko ɗaya daga cikinsu.

A 2024, cibiyoyin lafiya kimanin 200 ne ke aiki kuma ake iya isa gare su, daga cikin kimanin 700 da jihar ke da su. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta ruwaito haka a Satumbar 2024, daga bayanan Ma'aikatar Lafiya ta jiha. Kashi 29 ke nan cikin 100. Idan aka raba mutum miliyan 5 da dubu 800 kan cibiyoyi 700, kowace za ta ɗauki kimanin dubu 8. Kan cibiyoyi 200 kuwa, kowace na ɗauke da dubu 29.

Faɗin jihar murabba'in kilomita 39,762 ne. Da cibiyoyi 700, kowace za ta kula da murabba'in kilomita 57. Da 200, rabon kowace ya koma kusan 200. Cibiyoyin da suka rage kuma ba a warwatse suke daidai-wa-daida ba.

Mutum 190,340 ne suka rasa muhallinsu a Zamfara tsakanin Yunin 2011 da Mayun 2019, bisa rahoton kwamitin da gwamnatin jiha ta kafa ƙarƙashin tsohon Babban Sufeton 'Yan Sanda Muhammad Dahiru Abubakar. Rahoton ya lissafa mutum 6,319 da aka kashe da 3,672 da aka sace. Iyalin da suka tashi daga ƙauyensu suna fita daga rajistar asibitin mazaɓarsu, ba lallai ne kuma su shiga ta inda suka sauka ba. Waɗanda suka zauna a yankunan da 'yan bindiga ke iko da su, kamar kewayen dajin Munhaye a Tsafe, zirga-zirgar ma'aikata zuwa wurinsu ta dogara da halin hanya a ranar.

Ƙauyukan da ba sa cikin taswira

Matsugunai 46,437 ne ayarin shirin yaƙi da shan inna suka ziyarta suka ƙirga a arewacin Najeriya tsakanin 2012 da 2013, a aikin da aka keɓe wa rugagen makiyaya da tungaye da ƙauyukan kan iyaka. An buga sakamakon a mujallar Journal of Infectious Diseases a 2014. Matsugunai 8,607, wato kashi 19 cikin 100, sun ce masu ɗigon baki ba su zo musu ba a zagayen da suka gabata.

Daga cikin jimillar, 5,112 sun ce ba a taɓa zuwa wurinsu ba ko sau ɗaya. Kashi 11 ke nan, matsuguni ɗaya cikin tara. An samu wannan adadi ne bayan fiye da shekara goma ana bi gida-gida, kuma kafin rikicin 'yan bindiga ya rufe hanyoyin karkarar Zamfara kamar yadda ya yi daga baya. Matsugunin da ba ya cikin jerin sunayen mazaɓa ba a ware masa allura, ba a kuma lissafa yaransa cikin waɗanda aka rasa.

Sanƙarau

Mutum 14,518 ne aka yi zargin sun kamu da sanƙarau a Najeriya tsakanin Disambar 2016 da Yunin 2017, kuma 1,166 suka rasu, in ji Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC. Kashi 8 ke nan cikin 100 na masu jinya. Annobar ta faro ne daga ƙaramar hukumar Zurmi ta Zamfara, kuma nau'in ƙwayar cutar C ne. Allurar MenAfriVac da aka yi a Zamfara a 2011 nau'in A kaɗai take karewa.

Rabon Zamfara a ciki shi ne masu jinya 7,140 da mamata 553, kamar yadda binciken da aka buga a mujallar Scientific Reports a 2018 ya nuna. Kashi 49 ke nan na masu jinyar ƙasa baki ɗaya, da kashi 47 na mamata. Jihar da ke da kashi 2.3 na mutanen ƙasa ta ɗauki kusan rabin annobar. Mutum 155 ne suka kamu cikin kowane dubu 100.

Yara 'yan shekara 5 zuwa 14 su ne 3,369 daga cikin 7,140, wato kashi 47 cikin 100. A tsakanin 'yan shekara 5 zuwa 9, kashi 10 na waɗanda suka kamu sun rasu, ninki biyu na manya 'yan shekara 30 zuwa sama, waɗanda nasu ya tsaya kashi 5. Hukumar WHO ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tashi daga sanƙarau na iya wanzuwa da lahani, kamar kurumta ko farfaɗiya ko raunin gaɓa.

Kwana 113 ne tsakanin 13 ga Disambar 2016, ranar da NCDC ke fara lissafin annobar, da 5 ga Afrilun 2017, ranar da aka fara allurar gangami a Zamfara. Mako 16 ke nan. Ƙa'idar WHO ita ce a yi allura cikin mako 4 daga lokacin da yanki ya ƙetare mizanin annoba, wato masu jinya 10 cikin dubu 100 a mako guda, ko 5 a mako guda idan mutanen wurin ba su kai dubu 30 ba. Wannan mizani ba ya aiki sai da mai ƙirgawa a wurin. Inda ɗakin shan magani yake rufe, biyar ɗin farko ba sa shiga takarda.

Kwalara

A 2021 NCDC ta lissafa mutum 111,062 da ake zargin sun kamu da kwalara, 3,604 suka rasu. Kashi 3.2 ke nan cikin 100. Hukumar WHO ta ce idan ana samun magani kan lokaci, mace-mace ba sa kai kashi 1, kuma kashi 80 na masu jinya ruwan gishiri da sukari kaɗai ya ishe su. A kan ma'aunin kashi 1, mamatan za su tsaya kimanin 1,100. Bambancin ya kai kusan rai 2,500.

Zamfara ta samu 11,931 daga ciki, ta zo ta huɗu bayan Bauchi da Jigawa da Kano. Kashi 11 ke nan cikin 100 na ƙasa, fiye da ninki huɗu na rabonta a yawan jama'a. Kwalara na iya kashe mutum cikin sa'o'i idan ba a mayar masa da ruwan jikinsa ba, saboda haka nisan hanya da rufewarta da dare suna shiga lissafin mamata kai tsaye.

Mako 4 birnin Gusau ya yi babu layin waya a cikin waccan damina. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta ba da umarnin katse layuka a faɗin jihar a ranar 3 ga Satumbar 2021 saboda aikin soja, aka mayar wa Gusau a ranar 1 ga Oktoba. Sauran sassan jihar sun jira har ƙarshen Nuwamba, kimanin mako 12. Ta waya rahoton cuta ke tafiya daga mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma zuwa jiha, don haka alƙaluman waɗancan makonni suna nuna waɗanda aka samu labarinsu ne kawai.

Ƙyanda da tamowa

Kashi 95 cikin 100 na yara ake buƙatar su samu allurar ƙyanda sau biyu kafin cutar ta kasa yaɗuwa a cikin al'umma, in ji WHO. Dalili shi ne mai ƙyanda ɗaya na iya shafa wa mutum 12 zuwa 18 idan ba su da kariya. Binciken 2018 ya samu kashi 54 ne kawai na yaran Najeriya da allurar farko.

Fiye da yara 1,600 ne aka yi zargin sun kamu da ƙyanda a mazaɓu 11 na Zurmi daga farkon Mayun 2025, kuma 24 suka rasu, bisa sanarwar MSF a watan Yuli, lokacin da ta fara allurar gaggawa tare da Ma'aikatar Lafiya ta jiha. Babu mazaɓar da cutar ta tsallake.

Kashi 27 cikin 100 na yara 97,149 da MSF da ma'aikatar suka auna a Shinkafi da Zurmi a Yunin 2024 na fama da tamowa, kashi 5 kuma tasu ta yi tsanani. Tamowa na raunana garkuwar jiki, ƙyanda kuma na ƙara tamowa. Yaron da ya haɗa su biyu ya fi shiga haɗarin mutuwa.

Shan inna

Shekara biyar ƙwayar shan inna ta asali ta yi tana yawo a Borno ba a gano ta ba. Gwajin ƙwayoyin halitta na yara 4 da suka shanye a 2016, a Gwoza da Jere da Monguno, ya danganta cutar da wadda aka gani tun 2011. Yankunan da ta ɓuya su ne waɗanda rikici ya hana ma'aikata shiga. Hukumar WHO ta ce cikin mutum 200 da suka kamu, ɗaya ne ke shanyewa, galibin saura suna yaɗa ta ba tare da alama ba.

An tabbatar da kawar da nau'in asali daga Afirka a ranar 25 ga Agustan 2020. Nau'in da ke rikiɗa daga ɗigon baki a wuraren da rigakafi ya yi ƙaranci bai tafi ba: yara 415 ya shanyar a Najeriya a 2021, 48 a 2022, 87 a 2023, bisa ƙididdigar Shirin Kawar da Shan Inna na Duniya. Zamfara da Sakkwato da Kebbi da Katsina su ne jihohin da shirin ya fi ambata a matsayin inda ya ƙi yankewa.

Abin da keɓewa ke jawowa

Mutum kusan 6,000 cikin 7,782 ne suka kamu da ƙyanda a tsibiran Faro a 1846, kamar yadda likitan Denmark Peter Panum ya ƙirga. Shekara 65 ke nan rabon tsibiran da cutar, tun 1781. Tsofaffin da suka yi ta a wancan karo ne ba su sake kamuwa ba. A Fiji kuwa, ƙyandar 1875 ta kashe kimanin mutum dubu 40, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen ƙasar. Al'ummar da ta daɗe ba ta gamu da cuta ba, ba ta kuma samu allura ba, tana tara marasa kariya shekara bayan shekara, sai cutar ta same su lokaci guda.

Bayanai fiye da 100 na ƙabilun da ke zaune a keɓe hukumar Funai ta Brazil, mai kula da 'yan asalin ƙasar, ke riƙe da su, an tabbatar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Tun 1987 manufar ƙasar ita ce kada a tuntuɓe su, a tsare iyakar dajinsu kawai. Dalilin yana cikin abin da ya faru da irin su ƙabilar Nahua ta Peru, wadda ƙungiyar Survival International ta ce kimanin rabinta sun mutu da cututtukan numfashi bayan haɗuwarsu da masu saran katako a tsakiyar shekarun 1980.

Wannan manufa ba ta dace da Zamfara ba. Mutanen rugage da ƙauyukan daji suna cin kasuwannin Tsafe da Mada da Magami, suna bin burtali zuwa Katsina da Neja da Jamhuriyar Nijar, suna gudun hijira zuwa Gusau. Cuta na isa gare su ta duk hanyar da mutum ke bi. Allura kuwa sai da ma'aikaci, da akwatin sanyi mai riƙe maki 2 zuwa 8 a ma'aunin Selshiyos, da ziyara aƙalla biyar kafin yaro ya cika shekara. Keɓewarsu ta ɓangare ɗaya ce.

Abin da aka gwada

Daga yara 202 a 2002, masu shan inna a Najeriya sun kai 1,122 a 2006, bayan dakatar da ɗigon baki a Kano da Zamfara da Kaduna a 2003 saboda zargin illa. Ninki biyar da rabi ke nan. Daga 388 a 2009 kuma suka sauko zuwa 21 a 2010, ragin kashi 95 cikin 100, a shekarar da ta biyo bayan kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. A ruga, tsanin sarautar yana ƙarewa ne a kan arɗo, a ƙauye kuma a kan mai unguwa da liman.

Dabbobi 149,255 da yara 4,653 aka yi wa rigakafi a gangamin haɗin gwiwa na makiyayan Chadi tsakanin 2000 da 2005, bisa rahoton Cibiyar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Suwizalan. Kafin shirin, binciken cibiyar bai samu yaro ko ɗaya da ya kammala allura ba a rugagen da aka duba a Shari-Bagirmi da Kanem. Likitan dabbobi da ma'aikacin lafiya suka riƙa tafiya a mota ɗaya da akwatin sanyi ɗaya, abin da ya rage wa ɓangaren lafiyar mutane kimanin kashi 15 cikin 100 na kuɗin aiki.

Nau'i biyar na sanƙarau, A da C da W da Y da X, allurar Men5CV ke karewa, kuma Najeriya ce ƙasar farko da ta yi amfani da ita, a Maris ɗin 2024. An yi hakan ne bayan an yi zargin mutum 1,742 sun kamu, 153 sun rasu a jihohi bakwai, har da Zamfara, tsakanin Oktoban 2023 da Maris ɗin 2024, in ji WHO. Giɓin da ya bar nau'in C a buɗe a 2017 yanzu akwai abin toshe shi.

Alƙaluma uku ne za su nuna ko kariyar ta isa ga mutanen daji. Na farko, cibiyoyin da ke aiki, waɗanda suka tsaya kashi 29 cikin 100 a 2024. Na biyu, makonnin da ke tsakanin mai jinya na farko da allura ta farko, waɗanda suka kai 16 a 2017. Na uku, matsugunan da ba a taɓa ziyarta ba, waɗanda suka kai kashi 11 a ƙirgen 2012 zuwa 2013. Kowane ɗaya ana iya ƙirga shi mazaɓa-mazaɓa, daga Gusau zuwa Tsafe zuwa Bungudu, a buga shi duk wata uku, a ware allura da ma'aikata da kuɗin mai bisa abin da ya nuna.